Rubutu Ɗaya, Karatu Daban-Daban: Kwatanta Naɗe-Naɗen Kaɗe-Kaɗen Goge Huɗu na Ƙarshen Rayuwar Beethoven

Tsakure

Wannan maƙala ta kwatanta wasu daga cikin naɗe-naɗen da aka yi wa kaɗe-kaɗen goge huɗu waɗanda Ludwig van Beethoven ya tsara a tsakanin 1824 da 1826. An saurari ƙungiyoyin makaɗa na zamunna daban-daban, tun daga masu naɗa a faifan garmaho har zuwa na wannan ƙarni, aka dubi inda suka saɓa ta fuskar taki da sarrafa yatsa da zaɓen babin rufewa. Maƙalar ta nuna cewa ko da kiɗa yana da rubutaccen matani wanda mai shi ya bari da hannunsa, abin da faifai ke isarwa ga kunne karatu ne guda daga cikin karatuttuka masu yawa, kuma na'urar naɗi tana da nata hannu a ciki. An yi ishara da abin da hakan ke nufi ga mai nazarin waƙar baka, wanda galibi faifai ko kaset ne madogararsa.

Fitilun Kalmomi: Beethoven, goge huɗu, naɗi, aiwatarwa, taki.

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin waƙar baka ta Hausa ya saba da wata matsala da ba kasafai ake tsayawa a kanta ba. Zai sami kaset, ya juye abin da ke ciki a takarda, ya ƙirga ɗiyan waƙa, sannan ya yanke hukunci a kan turke da salo kamar dai abin da ya saurara shi ne waƙar ɗungurungum. Alhali duk wanda ya bibiyi Bakandamiyar Alhaji Mamman Shata ya san ba sau ɗaya aka naɗe ta ba, kuma naɗe-naɗen ba su zo daidai da juna ba a tsawo da jerin ɗiya. Akan ɗauka cewa wannan lamari ya taƙaita ga adabin baka, saboda rashin rubutaccen matani. Domin a gwada wannan zato, ya dace a leƙa wata al'ada da rubutu ya yi wa katutu, a ga ko rubutun ya kawar da saɓani tsakanin aiwatarwa da aiwatarwa.

Kiɗan gargajiyar Turai na manyan zauruka ya dace da wannan gwaji. A cikinsa mai tsara kiɗa yakan rubuta kowane sauti da tsawonsa, ya nuna inda za a ɗaga da inda za a sassauta, sannan makaɗa su karanta su kaɗa. Daga cikin nau'o'insa akwai wanda a nan aka kira kiɗan goge huɗu, wato kiɗan da mutum huɗu ke yi da kayan tsirkiya da ake gogawa: biyolin biyu, da biyola wadda ta ɗan fi su girma da kaurin murya, da celo wanda ake jingine shi tsakanin gwiwoyi. Kowannensu tsirkiya huɗu gare shi. Abin da ya haɗa su da goge da kukuma shi ne ba su da wata alama a wuya da ke tsayar da yatsa, don haka daidaiton sauti da zamewa daga wani sauti zuwa wani duk suna hannun makaɗi. Babu jagora mai sanda a gabansu kamar yadda ake yi wa babbar tawaga. Su huɗun ne ke sasanta komai a tsakaninsu.

2.0 Kaɗe-Kaɗen da Yadda Aka Samar da Su

An haifi Beethoven a Bon ta ƙasar Jamus a 1770, ya rasu a Biyana ranar 26 ga Maris, 1827. A watan Nuwamba na 1822 wani basaraken Rasha, Nikolai Galitzin, ya rubuto masa yana neman kiɗan goge huɗu guda ɗaya ko biyu ko uku, aka daidaita a kan dukat 50 kowane ɗaya. A lokacin kurumta ta riga ta ci ƙarfinsa, har sai an rubuta masa magana a littafi. Bai fuskanci aikin sosai ba sai da ya gama da simfoninsa na tara a 1824. Ya cika alkawarin Galitzin da guda uku, waɗanda ake kira da lambar bugu Op. 127 da Op. 132 da Op. 130, bisa jerin da ya tsara su a 1825. Daga nan ya zarce don kansa, ya ƙara Op. 131 da Op. 135 a 1826. Akwai kuma Op. 133, wato Babbar Fuga, wadda labarinta zai zo a gaba. Lambobin ba su bi tsarin lokacin rubutawa ba, abin da kan rikita sabon mai sauraro.

Kwatanta aiwatarwa ya soma tun mai kiɗan yana raye. Ƙungiyar Ignaz Schuppanzigh ce ta fara kaɗa Op. 127 ranar 6 ga Maris, 1825, ba tare da isasshen shiri ba, kuma abin bai yi armashi ba. Beethoven ya karɓe aikin ya miƙa wa Joseph Böhm, wanda ya kaɗa shi cikin watan nan ya sami karɓuwa. Böhm ya ba da labarin cewa a wajen gwaji Beethoven yakan zauna a lungu yana bin motsin sandunan izga da ido, da haka yake gane kuskuren takin da kunnensa ba ya ji. Rubutu ɗaya ne, mako biyu ko uku ne tsakani, amma jama'ar Biyana sun ji abu biyu. Op. 131 da Op. 135 kuwa ba a kaɗa su a bainar jama'a ba sai bayan rasuwarsa.

Wani abu da ya buɗe ƙofar saɓani shi ne batun metronom, na'urar ƙidayar bugu da Johann Mälzel ya yi wa rajista a 1815. Beethoven ya yi na'am da ita, ya koma ya sanya wa kaɗe-kaɗensa na goge huɗu guda goma sha ɗaya na farko lambobin gudu. Na ƙarshen nan bai bar musu lamba ko ɗaya ba. Abin da ya bari kalmomi ne na Italiyanci da Jamusanci, irin su adagio, wato a hankali, da allegro, wato da hanzari. Karl Holz, mai biyolin na biyu a ƙungiyar Schuppanzigh kuma mai yi wa Beethoven hidima a shekarun nan, ya ba da wasu lambobi daga baya bisa abin da ya tuna, amma shaidar wanda ya tuna bayan shekaru ba ta kai rubutun mai abu ba.

3.0 Naɗe-Naɗen da Aka Saurara

An ɗora nazarin a kan ƙungiyoyi shida, an kuma waiwayi wasu inda buƙata ta taso. Ta farko ita ce ƙungiyar Busch, ƙarƙashin Adolf Busch, Bajamushen da ya daina kiɗa a ƙasarsa daga 1933 saboda ƙin mulkin Nazi. Sun naɗi Op. 135 a 1933, Op. 127 da Op. 131 a 1936, Op. 132 a 1937, duk a Landan, sannan Op. 130 a Amurka a 1941. Sai ƙungiyar Végh, wadda ta naɗi jerin gaba ɗaya sau biyu, a 1952 da kuma tsakanin 1972 da 1974. Na biyun aka fi dogara da shi a nan. Sai Quartetto Italiano, waɗanda suka naɗa wa kamfanin Philips a ƙarshen shekarun 1960. Sai ƙungiyar Alban Berg ta Biyana, mai naɗi biyu a kamfanin EMI, na ɗakin naɗi da aka kammala a 1983 da na gaban jama'a a 1989. Sai ƙungiyar Takács, wadda kamfanin Decca ya fitar da nata a 2004, da Quatuor Mosaïques masu kiɗa da tsirkiyar hanji irin ta zamanin Beethoven, waɗanda nasu ya fito a 2017.

Hanyar da aka bi ita ce a ɗauki yanki guda, a saurare shi a bakin kowace ƙungiya a jere tare da rubutaccen kiɗan a gaba. Ba a nemi fitar da gwani ba, ko da yake mai nazari bai ɓoye ra'ayinsa ba inda ya ga dalili.

4.0 Taki: Babi na Uku na Op. 132

A watan Afrilu na 1825 Beethoven ya kwanta ciwon ciki mai tsanani. Da ya sami sauƙi sai ya sanya wa Op. 132 wani babi a tsakiya, ya rubuta a kansa cewa waƙar godiya ce ta wanda ya tashi daga jinya zuwa ga Ubangiji, a bisa wani tsohon ma'aunin sauti na coci da ake kira Lidiya. Babin kashi biyar ne. Kashi na ɗaya da na uku da na biyar karin ibada ne mai tafiya a hankali ƙwarai, kowane dawowa da ƙarin ado. Na biyu da na huɗu kuwa masu ɗan kuzari ne, kuma ya rubuta a kansu cewa mai jinya ne ke jin sabon ƙarfi. Umarnin takin sassan ibadar shi ne molto adagio, wato a hankali sosai. Tambayar ita ce, sosai ɗin nan har ina?

Quartetto Italiano sun haura minti 19 a wannan babi. Ƙungiyar Alban Berg, a naɗinsu na ɗaki, sun gama shi a wajen minti 15. Babu sautin da wani ya tsallake, babu wanda wani ya ƙara. Tazarar minti huɗu a babi ɗaya ta isa ta sauya abin da kunne ke fahimta. A wajen Alban Berg mai sauraro yana iya riƙe karin ibadar a ransa a matsayin jimla mai farko da ƙarshe, irin wadda taron masu ibada za su iya rerawa da numfashi ɗaya ko biyu. A wajen 'yan Italiya kowane sauti ya yi tsawon da kunne ke mance wanda ya gabace shi, sai hankali ya koma kan yadda muryoyi huɗun ke haɗuwa da rabuwa. Jimlar ta narke, abin da ya rage shi ne launin sauti, kuma a wannan fanni da wuya a sami wanda ya kai su: muryoyinsu sukan haɗu har a kasa bambance biyola da biyolin na biyu.

Ƙungiyar Busch ma tana cikin masu jan babin, amma sakamakon ya bambanta da na 'yan Italiya, kuma a nan ne agogo ke gaza bayani. Busch da abokansa ba sa barin sauti ya kwanta. Kowane dogon sauti yana da inda ya nufa, yana ƙaruwa ko yana raguwa zuwa ga na gaba, ta yadda jimlar ba ta tsinke ba duk da jinkirin. Sannan idan sashen sabon ƙarfi ya zo, sukan shige shi da kuzari na gaske, har bambancin sassan biyu ya fito fili kamar na mai kwance da mai tsaye. A ganin mai wannan nazari, naɗin 1937 ya fi sauran kusantar abin da taken babin ya faɗa, domin godiyar mai jinya ba ta cika sai an ji nauyin ciwon da kuma daɗin tashi. Naɗin 'yan Italiya ya fi shi kyan sauti nesa ba kusa ba, sai dai sashen sabon ƙarfin nasu ya ɗauko natsuwar sashen ibada, har mai jinyar ya zama kamar bai taɓa shan wuya ba.

Végh ya bi wata hanya. A naɗin shekarun 1970 Sándor Végh ya haura shekara sittin, kuma akwai wuraren da yatsansa ba ya sauka daidai tsakiyar sauti. Masu sharhi sun daɗe da lura da haka. Duk da haka kiɗan nasa ya fi na kowa kama da magana: yakan ɗan jinkirta kafin sauti mai nauyi, ya ɗan gaggauta a inda jimla ke gangarowa, kamar mai karatu da ya fahimci abin da yake karantawa. Wanda ya auna wannan naɗi da ma'aunin tsabta zai ajiye shi ƙasa da na Alban Berg. Wanda ya auna shi da ma'aunin isar da ma'ana zai juya jerin. Wajibi ne mai kwatance ya bayyana ma'aunin da ya ɗauka tun kafin ya yanke hukunci.

Akwai tarko a amfani da tsawon lokaci kawai. A wasu babuka Beethoven ya sa alamar a maimaita sashe, kuma ba kowace ƙungiya ke bi ba. Babin farko na Op. 130 yakan kai minti 13 ko 14 idan an maimaita sashen buɗewa, ya gaza minti 10 idan an tsallake. Wanda ya dubi lambobin da ke bayan faifai kawai zai zaci wata ƙungiya gudu take yi, alhali yanke ta yi.

4.1 Yatsa da Izga: Kabatina ta Op. 130

Babi na biyar na Op. 130 gajere ne, gaɓa 66 kacal, ana kiran sa Kabatina, sunan da aka aro daga gajeruwar waƙar wasan kwaikwayo na opera. Holz ya ruwaito cewa Beethoven ya tsara shi cikin hawaye, kuma babu wani kiɗa nasa da ke taɓa shi kamar wannan. Wajen kashi biyu cikin uku na babin, kayan kiɗa uku na ƙasa sukan koma bugu uku-uku a hankali, biyolin na farko kuma ya shigo da guntayen sautuka masu yankewa waɗanda ba sa faɗawa daidai kan bugun. A nan Beethoven ya rubuta kalmar Jamusanci beklemmt, wadda ke nufin ƙuncin ƙirji, irin na wanda kuka ya shaƙe.

Dabaru biyu na yatsa ne suka fi raba ƙungiyoyin a wannan babi. Ta farko ita ce karkarwar sauti, wato makaɗi ya riƙa girgiza yatsa a kan tsirkiya don sautin ya yi rawa. Ta biyu ita ce zamiya, wato ya ja yatsa daga wani sauti zuwa wani ta yadda za a ji hanyar da ya bi, abin da kunnen da ya saba da goge ba zai ɗauka baƙo ba. Robert Philip, a littafinsa na 1992 kan naɗe-naɗen farkon ƙarni na ashirin, ya nuna cewa makaɗan wancan lokaci sun yawaita zamiya sun taƙaita karkarwa, sannan a hankali lamarin ya juye. Naɗe-naɗen nan sun gaskata shi. Ƙungiyar Capet ta Faransa, wadda ta naɗi Op. 131 da Op. 132 dab da rasuwar Lucien Capet a 1928, tana kiɗa da siririn sauti mai ƙarancin karkarwa. Busch yana zamiya a fili, yana kuma ajiye karkarwa don wuraren da ya ga sun cancanta. Zuwa zamanin Alban Berg zamiya ta kusa ɓacewa, karkarwa kuma ta zama gishirin kowane sauti.

Tasirin haka a kan wurin ƙuncin ƙirjin nan babba ne. Idan makaɗi ya riga ya cika babin da karkarwa tun daga farko, to idan ya iso nan ba shi da sauran abin da zai ƙara, sai dai ya rage. Shi ya sa makaɗan zamani da yawa sukan janye karkarwar a wannan wuri, su sassauta izga har sautin ya zama kamar raɗa. Busch bai bukaci wannan ba. Shi da lokaci yake aiki: guntayen sautukan nasa sukan zo a makare ko da wuri, kamar numfashin da ya ƙi daidaita. Quatuor Mosaïques, da tsirkiyar hanji da ƙarancin karkarwa, sun dawo da wani abu na siririn sautin da, amma ba su dawo da yawan zamiyar ba. Wannan abin lura ne ga masu cewa kiɗa da tsofaffin kaya shi ne komawa ga asali. Kayan na da ne, kunnen da ke zaɓar abin da za a ɗauka daga da ɗin kuwa na yau ne, kuma kunnen yau yana jin yawan zamiya kamar sakaci.

Mark Katz, a littafinsa na 2004, ya kawo hujjar cewa ita kanta na'urar naɗi tana cikin abin da ya yaɗa karkarwa, domin tana taimaka wa sautin biyolin ya fito a faifai, tana kuma rufe ƙananan kurakuran yatsa waɗanda maimaita sauraro ke tonawa. Idan haka ne, faifai bai tsaya ga adana salon makaɗa ba, har da sauya shi ya yi.

Kabatinar nan ce aka sa a ƙarshen kaɗe-kaɗen faifan zinariya da aka liƙa wa kumbunan Voyager biyu a 1977. Naɗin ƙungiyar Budapest aka zaɓa, mai tsawon minti shida da rabi da 'yan daƙiƙu. Duk wanda ya tsinci faifan, abin da zai sani a matsayin Beethoven shi ne yadda mutum huɗu suka karanta shi a wata rana.

4.2 Da Wane Babi Op. 130 Ke Rufewa?

A nan saɓanin ya wuce na salo, ya shiga jikin matani. Lokacin da aka fara kaɗa Op. 130 ranar 21 ga Maris, 1826, babinsa na shida wata ƙatuwar fuga ce mai gaɓa 741, wadda ke cin kusan minti 16. Fuga tsari ne da murya ɗaya ke fara jigo, sauran su biyo ta ɗaya bayan ɗaya suna kora juna. Wannan kuwa ta zo da kaushi da tsalle-tsallen sauti da suka gigita makaɗa da masu sauraro. Jama'a sun nemi a maimaita babi na biyu da na huɗu, fugar kuwa ba su nemi ƙari ba. Mai buga aikin, Matthias Artaria, ya bi ta hannun Holz ya roƙi Beethoven ya rubuta wani babin rufewa, a buga fugar daban. Ya amince. A watan Nuwamba na 1826, yana gidan ɗan'uwansa a Gneixendorf, ya kammala sabon babi mai sauƙi da raha, wanda shi ne cikakken abu na ƙarshe da ya rubuta.

Saboda haka kowace ƙungiya sai ta zaɓa. Busch a 1941 ya rufe da sabon babin, kamar yadda aka saba a lokacin. Fugar kuwa ya naɗe ta daban da ƙaramar tawaga. Daga baya ƙungiyoyi da yawa suka koma ga fugar, bisa hujjar cewa ita ce niyyar farko kuma matsin ɗan kasuwa ne ya kawar da ita. Masu ɗaya ra'ayin sukan amsa da cewa Beethoven ba mutum ne da ake tanƙwarawa cikin sauƙi ba, kuma da hannunsa ya rubuta madadin. Duka babukan biyu da sautin G suke farawa, sautin da Kabatina ta ƙare a kansa ta sama, don haka kowanne ya ɗinku da abin da ya gabace shi. Amma Kabatinar da fuga ta biyo baya ba ɗaya take da wadda babin raha ya biyo baya ba. A ta farko kukan da aka shaƙe ya fashe ya zama faɗa, kamar yadda ake ji a kaushin izgar Takács. A ta biyu an share hawaye an koma cikin jama'a. Da faifan CD ya zo a 1982, sai kamfanoni suka riƙa jera babukan biyu a faifai ɗaya, suka bar wa mai sauraro ya latsa wanda yake so. Hukuncin da ya gagari masana ya koma hannun mai riƙe da na'ura.

5.0 Hannun Na'ura: Op. 131

Op. 131 babi bakwai ne da Beethoven ya nemi a kaɗa su a jere ba tare da tsayawa ba, kimanin minti 40. Haɗin babi da babi yana cikin ginin kiɗan. Babin farko fuga ce mai sanyi wadda ke ƙarewa a kan sauti ɗaya, sai babi na biyu ya ɗaga wannan sauti da rabin mataki ya buɗe wata duniya. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti kuwa fuskarsa ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti huɗu da rabi. Ke nan abin da Busch ya naɗa a 1936 guntaye ne wajen goma, kowanne an fara shi daga tsaye, an kuma yanka shi kai tsaye a kan kakin zuma ba tare da damar gyara ba. Mai sauraro na lokacin yakan tashi ya juya faifai a tsakiyar jimla. Haka mutane suka san waɗannan kaɗe-kaɗe a gidajensu, har Aldous Huxley ya sa wani ɗan wasa a ƙagaggen labarinsa na 1928 ya kunna babin godiya na Op. 132 a garmaho.

Abin da ake saurara a yau da sunan Busch aikin injiniya ne da ya ɗinke guntayen. Shi ya yanke tsawon shirun da ke tsakanin fuska da fuska, shi ya zaɓi yawan ƙarar allura da zai share, tare da sanin cewa sharewar tana tafiya da wani ɓangare na sautin tsirkiya. Shi ne kuma ya tsayar da gudun juyin faifan, domin tsofaffin na'urori ba kullum suke juyi 78 cif ba. Bambancin kashi 6 cikin ɗari a gudu yana ɗaga sauti da rabin mataki. Ko kashi 2 cikin ɗari ne, a babi mai minti 19 ya kai daƙiƙa 23. Don haka fitowa biyu na naɗi ɗaya daga kamfanoni biyu suna iya saɓawa a tsawo da kaifin sauti, kuma mai nazarin da bai faɗi wadda ya saurara ba ya bar ƙofa a buɗe.

Zuwan tef a ƙarshen shekarun 1940 da dogon faifai a 1948 ya kawar da matsalar yankewa, ya kawo wata. Yanzu ana iya kaɗa yanki sau goma, a zaɓi mafi tsabta, a manna. Naɗin ɗaki na Alban Berg, da tsabtarsa mai ban mamaki, ya fito ne daga zamanin da wannan dabara ta zama ruwan dare, kuma komawar da suka yi suka sake naɗin jerin a gaban jama'a a 1989 ta ba da damar a ji ƙungiya ɗaya a yanayi biyu. Quatuor Ébène ma a gaban jama'a suka naɗi nasu a 2019 da 2020, a birane bakwai da suka haɗa da Nairobi. Sai dai kalmar "gaban jama'a" a bayan faifai ba ta hana a haɗa dare biyu ko a yi gyara bayan an watse. Wurin da aka kafa makirfo ma yana da ta cewa: idan an matso da shi za a ji numfashin makaɗa da gogar izga, kowace murya ta fita daban, idan an ja da shi baya sai ɗakin ya haɗe muryoyin. Wani ɓangare na haɗin muryar da ake yaba wa 'yan Italiya da shi, da kaifin da ake ji a wajen Takács, aikin masu naɗi ne.

Waɗannan tambayoyi suna jiran mai nazarin waƙar baka, kuma nasa sun fi tsanani tunda ba shi da rubutun makaɗi da zai koma gare shi. Tsarin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka ya tanadi a bayyana salsalar waƙa da shekarar haihuwarta da yawan ɗiyanta. Abin da kwatancen nan ke nuni da shi shi ne a ƙara da salsalar naɗin kansa: a gidan rediyo aka yi shi, ko a ɗakin kamfanin faifai, ko a filin biki, wa ya riƙe na'ura, ko tsawon faifai ne ya tsayar da makaɗi a inda ya tsaya, kuma kaset na nawa ne wannan daga na asali, tunda rikodar da batirinta ya yi sanyi lokacin naɗi takan sa murya ta siranta, kalangu ya ƙara gudu idan aka kunna a wata na'urar. Adadin ɗiyan da aka ƙirga daga faifan kamfani yana iya zama adadin da faifan ya iya ɗauka, ba wanda makaɗin ya saba rerawa a gaban ubangidansa ba.